Uwar Giyar Zara'u

Wanda ya bi hanyar Kanan Bakashe ta gefen Gulbin Kaba a yau, in ya zo daidai Gidan Jatau zai ga wani tsohon gawo a gabas da gari, da tudun jar ƙasa zagaye da shi. Yara na hawa suna zamowa, awaki na kwanciya a kai. Ka tambayi yaran nan mene ne wannan tudu, sai su ɗaga maka kafaɗa, don yaran yanzu ba su tambayar komai. To, katanga ce. Katangar Zara'u ce, kuma doka ce ta sa aka gina ta.

Zara'u ɗiyar Azna ce, mutanen da suka riƙe al'adar kakanni lokacin da sauran gari suka kama salla. Sunan ma aro ne. Matar limamin wancan zamani ce ta karɓi haihuwarta, uban ya ce to a sa wa yarinya sunanta mana, ai ba a rasa komai ba. Haka garin yake a da. Gajeriya ce kakkaura, mai faɗin kafaɗa irin na wadda ta girma tana ɗaga tukwane. Ga baki kuma. Kai, bakin Zara'u! In ta yi maka ba'a da safe, sai ka wuni a gona kana tunawa kana dariya kai kaɗai. Ta yi aure sau ɗaya a Attantane, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta tattara ta dawo gida ta tsugunna gefen murhun uwarta, wadda kowa a garin ke kira Inna.

Sana'ar gidansu dafa giya. Wata jar dawa suke nomawa a fadamar gulbi, mai ɗaci-ɗaci, wadda ko tsuntsu ba ya rawar jiki a kanta. Tuwonta ba daɗi, amma in dai giya ce ba ta da ta biyu. Za a jiƙa ta, a shimfiɗa a inuwa a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro. A shanya, a niƙa a dutse, a dama, a ɗora manyan tukwane a gindin gawon nan a yi ta hura wuta har idon mutum ya yi ja, sannan a tace. Amma duk wannan wahala ruwan zaƙi kawai take haifarwa, wanda ko jariri zai iya sha. Abin da ke mayar da shi giya yana cikin wata 'yar gora da ake binne rabinta a jiƙaƙƙen rairayi bayan randa. Ragowar giyar da ta wuce ce, mai kauri, ta ƙasan tukunya. Ita ake zuba wa sabuwa ta tashi ta yi kumfa, daga sabuwar kuma a ɗebi ta gaba. A gidansu uwa suke ce mata. Inna ta karɓe ta daga hannun tata uwar, ita ma haka ta karɓa, ba wanda ya san inda abin ya faro. Kuma abu ne mai rai. In ta daɗe ba ta samu sabon ruwan zaƙi ba, sai ta yi tsami ta mutu.

Zara'u tana da ƙane guda, Mutari, autan Inna. Da ƙuruciya ya tafi cin rani Katsina, ya dawo da carbi a wuya da salla a goshi. Uban ya yi wata da watanni bai amsa gaisuwarsa ba. Inna kuwa ta ci gaba da zuba masa tuwo. Da yake Allah ya ba shi murya, ba a jima ba ya zama ladanin garin.

Yanzu sai ka ce ai shi ke nan, ladan da mai giya sun rabu. Ina! Ba haka ake yi ba a Gidan Jatau. Ranar dahuwa, in an tace ruwan ya huce, kafin a zuba uwa, sai mai dahuwa ta ɗauki ludayi ta buga a bakin tukunya. Duk garin ya san wannan ƙara. Ma'anarta zaƙi ya yi, kowa ya zo. Mata su fito da ƙore, yara su sheƙo a guje, dattawan masallaci su tako a hankali suna gyaran murya kamar wucewa kawai za su yi. A zauna a inuwar gawo, wanda dama da rani yake ganye, a sha, a yi hira, a ji wa ya haihu, wa ya yi rikicin iyakar gona. Sai ladan ya tashi kiran la'asar, Musulmi su kakkaɓe riguna su bi shi, sannan a fito da 'yar gora a zuba uwa. Washegari kuma, in ta zama giya, ta Azna ce. Ba wanda ya taɓa ruɗewa, don a fili ake komai.

Mutari yana da ƙwaryarsa ta musamman, wata tsohuwa ta Inna da ta tsage aka ɗinke ta da kaba. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, ta kira Zara'u ta ɗora mata hannu a kan 'yar gorar nan ta ce, "Ga ta nan. Kada ta mutu a hannunki." Iyakar wasiyyar ke nan. Tun daga lokacin, duk ranar zaƙi Mutari zai shanye ƙwaryarsa, ya lashe baki, ya girgiza kai ya ce, "Ya yi dai, Yaya. Amma bai kai na Inna ba."

Ita kuma ta fizge ƙwaryar ta ce, "Ba ni abina, Malam Ladan, tun da ba a koya maka godiya a Katsina ba."

Mutane su bushe da dariya kamar ba su taɓa ji ba. Wallahi wannan 'yar tsokana ta fi mata komai daɗi a duniya, ko da yake da ka tambaye ta da ta zage ka.

Fari na farko, wanda ya kwashe shanun Fulani ya bar ƙasusuwa a bakin rijiyoyi, ya same su da tsohuwar dawa a rumbu. Zara'u ta rage dahuwa, ta koma ƙaramar tukunya, uwa ta tsallake. Ana cikin haka rediyo ta ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Mutanen gari suka ce Allah ya sa alheri, suka koma neman abin da za su sa a baki. Ba su san abin zai zo har gindin gawo ba.

Bayan damina ta gyaru, maigari ya tara jama'a ya ce ga saƙo daga sama. Duk mai sayar da abin sa maye sai ya mallaki lasisi, ya biya patanti, wato harajin sana'a. Wanda aka kama ba shi da shi, a fasa tukwanensa. An ce ma an riga an fasa na wata mata a can yamma. Zara'u ba ta damu da tukwane ba, ana gina wasu. Abin da ta hango shi ne takalmin wani gardi a kan 'yar gora. Ranar kasuwa ta ɗaura zanenta na saƙi, ta hau bayan kamyo, babbar motar kaya, ta nufi Mayahi.

A biron, wato ofishin da aka nuna mata, ta tarar da wani saurayi ɗan Tasawa, Ƙadri, da farar riga da alƙalami a bayan kunne. Yaro ne mai ladabi, har kujera ya ba ta, ta ƙi ta zauna a ƙasa.

"Inna, ina shagon naki yake?"

"Gindin gawo."

"A'a, wurin da kike sayarwa nake nufi. Ɗakin."

"Na hwaɗa maka, ɗana. Gindin gawo."

"Yana da ƙofa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Gawon? Kai a garinku gawo ƙofa gare shi?"

Ƙadri ya rufe baki da hannu ya yi dariya, sannan ya yi mata bayani dalla-dalla. Ba mutum ake ba lasisi ba, wuri ake ba. Wurin kuma sai yana da katanga da za ta kāre shi daga idon yara da masu wucewa, da ƙofa guda, da allo a saman ƙofar da ke faɗin abin da ake sayarwa. Kuma ba a miƙa wa kowa ko da kurɓi a wajen katangar. Ya ce, "Don mashaya irin ta Tasawa da Maraɗi aka tsara ta, masu sayar da ta kwalba. Amma ba ta ware kowa ba. Ba ni na rubuta ta ba, Inna."

"To in na zagaye gawon da katanga fa?"

Ya sosa ƙeya da alƙalami. "Ban ga inda aka hana ba."

Da ta dawo da labari, dariya aka yi ta yi. Za a yi wa gawo ɗaki! Mai Nasara, wani tsohon maharbi da ya fi kowa zama a gindin bishiyar, ya ce saura a nemo masa mata. Aka yi gayya. Azna suka fito, Musulmi suka fito, don aikin Zara'u aikin gari ne. Mutari da kansa ya naɗe wando ya shiga kwaɓin ƙasa har gwiwa, yana miƙa tubali yana waƙa. Shi ya kafa ƙyauren ma, na itacen goriba. Ba wanda ya tsaya ya yi tunani, ko mutum ɗaya. Su a ganinsu wayo suka yi wa doka.

Lasisi ya fito. Aka kafa allo a saman ƙofa da rubutun Faransanci. Mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya zo wucewa, yara suka tambaye shi me aka rubuta, ya karanta musu ya fassara: wurin sayar da barasa.

Ranar dahuwa ta farko bayan haka, Zara'u ta tace, ruwa ya huce, ta buga ludayi. Ƙarar ma ba ta fita yadda ta saba ba, katanga ta riƙe ta. Yara suka zo, ta tuna da maganar Ƙadri, dole ta kore su da bakinta. Matan Musulmi suka tsaya daga nesa da ƙorensu, suka dubi allo, suka dubi juna, suka juya. Dattawan masallaci ba wanda ya yi gyaran murya. Ta ɗauraye ƙwaryar Mutari ta ajiye a kan faifai. Har aka kira la'asar, da muryarsa, ƙwaryar tana nan a bushe.

Da yamma ta tare shi a hanyar masallaci.

"Lahiya, Auta? Ko ludayina ne ba ka ji ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ji, Yaya. Liman ya yi min magana. Kuma gaskiya gare shi. Da can a fili, kowa na ganin abin da ke cikin ƙwaryata, ya san ba a zuba uwa ba. Yanzu in na shiga ƙofar nan na hito, wa zai shaide ni? Baƙo ya ga ladan ya hito daga ƙarƙashin wancan allo, ya tahi ya kira salla?"

"To in kawo maka gida."

"Daga ƙofar dai zai hito. Kuma kin ce an hana."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Ashe da kake kwaɓa ƙasa kana waƙa, kanka kake gina wa katanga."

Ya ce, "Ke kika je Mayahi, ba ni ba."

Magana ce da bai kamata ɗayansu ya faɗa ba, amma an riga an faɗa. Ba su yi gaba ba. In sun haɗu a hanya ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara. In an yi haihuwa a gidansa ta je da tsaba a ƙwarya. Sai dai gaisuwar ta zama irin ta maƙwabta. Shekaru suka yi ta wucewa a haka.

Ciniki kam ya ƙaru, ba ƙarya. Direbobin kamyo suka gano wurin, da 'yan kasuwa masu kwana a hanya, da ma'aikata masu son su sha ba a gan su ba. Ba su san a zuba wa ƙasa kurɓin farko ba, ba su san a miƙa ƙwarya ga na kusa ba. Wasu har faɗa. Tsofaffin Azna suka koma gefe guda suna sha shiru-shiru kamar baƙi. Zara'u ta sayi sababbin zannuwa, ta sayi tumaki, amma ba'ar nan tata ta ragu. Ta daina buga ludayi gaba ɗaya. In ta tace, sai ta bar ruwan ya huce ita kaɗai, ta jira muryar Mutari ta kira la'asar, ta zuba uwa. Takan ce wa kanta ai uwar tana raye, ai abin da aka ce mata ke nan.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko mugunta. Gero ya fito ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Fadama ta tsattsage. Kafin sanyi ya shiga rumbuna sun koma wurin wasan ɓeraye, kuma ɓerayen ma ba su daɗe ba. Saƙo ya sake zuwa ta bakin maigari: bana ba a dafa giya da hatsi, mai lasisi da marar lasisi duk ɗaya. Zara'u ba ta yi musu ba. Ta ce wannan kam doka ce mai hankali. Ta kife manyan tukwanenta, ta sayar da tumaki, ta ja ƙyaure.

Amma uwa ba ta san doka ba. Akwai ɗan buhun jar dawa da ya rage mata a ɗaki. Lokaci-lokaci sai ta ɗebi cikin tafi ɗaya ko biyu, ta jiƙa, ta tsirar, ta niƙa, ta dafa a 'yar tukunyar miya, ta shayar da gora. Ba don sayarwa ba, abin bai kai cikin ludayi uku ba. Mai Nasara ke shanye ɗan abin da ya saura, har shi ma ya bi 'ya'yansa kudu bai dawo ba. Ita kanta tana cin tafasa da dusa, da 'ya'yan goriba, da dawar taimako da kamyo ke kawowa. Waccan dawar ɓarzajjiya ce, cikin mutum kawai take tarewa, ba ta tsiro balle a shuka ta. Zara'u ta rame har zane na zagaye ta sau biyu. Sau nawa ta buɗe buhun nan da yunwa a cikinta, ta dubi dawar, ta sake ɗaurewa! Ita kaɗai ta san abin da ta sha.

Gari ya watse rabi. Mutari bai tafi ba, ya ce wa zai kira salla. Muryar tasa ta koma siririya, in ya ja sai ta yanke a tsakiya. Zara'u na jin haka daga bayan katanga, sai ta toshe baki da gefen zane.

Aka kai ƙarshen bazara da kyar. Ran nan hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa irin wanda aka manta da shi, ƙasa ta jiƙu har zira'i. Da gari ya waye ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina, amma ba a ji guɗa ba. Ina irin? An cinye shi tun da sanyi. Wanda aka ce za a kawo bai iso ba tukuna, laima kuwa ba ta jiran kowa. Maza suka fita gonaki da sungumi a kafaɗa, suka tsaya suna kallon ƙasa.

Da hantsi Zara'u ta kwance buhu, ta juye abin da ya rage a babbar ƙwarya. Ta ɗebo ruwa za ta jiƙa rabon uwa, sai ta ji sallama a ƙofa. Ta san muryar. Ta leƙa, ga Mutari tsaye a ƙarƙashin allon da rana ta cinye rubutunsa, ƙafafunsa duk laka. Bai tako ciki ba.

"Ina kwana, Yaya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya yaran?"

"Suna nan."

Ya gyara tsayuwa. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi sama, ya ce dama wucewa zai yi ya ce bari ya gaishe ta. Ƙarya yake yi, kuma ta sani. Gonarsa tana yamma, gawo yana gabas. Tun yana ƙarami haka yake, in yana son abu sai ya tsaya kusa da shi yana zancen wani abu daban. Bakuna takwas ne a gidansa.

Ta ce, "Tsaya nan."

Ta koma ta tsugunna gaban ƙwaryar. Ta san lissafin ba sai ta auna ba. In ta riƙe dawar nan duka, tana ɗiba kaɗan-kaɗan, za ta kai uwa har kaka. In ta ba shi duka, zai rufe gonarsa ta fadama. In ta raba biyu, uwa ta mutu a tsakiyar damina, gona kuma ta tashi rabi. Ta zagaya bayan randa, ta tone 'yar gora, ta buɗe ta sunsuna. Tana nan da ranta, da ƙamshin nan da ta sani tun tana goye a bayan Inna. Ta daɗe riƙe da ita. Ta ce a hankali, "Inna, autanki ne a ƙofa." Sannan ta toshe ta mayar.

Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta fito ta ƙofar, ta sauke a gaban ƙafafunsa.

Mutari ya dubi jar dawar. A gidan aka haife shi, ya san ta mece ce, ya san kuma me ya sa ta kai yau ba a ci ba.

"Yaya, uwar fa?"

"Kai dai tahi ka shuka, ƙasa na shan iska."

"Inna ta ce miki..."

"Ni aka hwaɗa wa, ba kai ba. Ɗauki ka ba ni wuri, Malam Ladan, kada baƙo ya gan ka a nan."

Ya ɗauka. Garin ɗauka 'yan ƙwayoyi suka zube, ya tsugunna ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya raba wa maƙwabtansa biyu cikin tafi-tafi, sauran ya shuka a ranar shi da matarsa da yara.

Uwa ba ta mutu nan take ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Kullum Zara'u sai ta buɗe ta sunsuna. Ta gwada mata ruwan goriba, ta gwada ruwan dawar taimako, ba abin da ya karɓa. Ƙamshin ya yi ta juyawa, har wata safiya ta buɗe ta ji wari. Ta kai gorar gindin gawo ta juye a kan saiwa, ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka binne Inna. Bayan nan ta wanke gorar ta mayar wurinta, don ba ta san inda za ta kai ta ba.

Daminar ta yi kyau. Katangar da ba a yaɓe ba tun bara ta sha ruwa ta fara zubewa, gefen gabas da farko, sannan sauran. Ƙyauren ya faɗi, wani ya ɗauke allon ya rufe akurkin kaji da shi. Maigari ya ce mata in tana son lasisinta ya ci gaba sai ta tayar da ginin. Ta ce a bar shi ya kwanta, shi ma ya gaji. Wata 'yar uwar mijinta ta aiko daga Attantane cewa tasu uwar ta tsira, in tana so a ɗebo mata. Ta aika da godiya, ta ce ta wani gida ce.

Da kaka fadama ta yi ja wur. Mutanen da a da ke cewa dawar Azna ba ta tuwo suka ci tuwonta suna santi. Damin farko da Mutari ya ɗaure bai kai gidansa ba. Ya ɗauko a ka, ya ratsa gari, ya taka kan ɓaraguzan katanga ya sauke a gindin gawo. Zara'u ta kwance damin. Ta sussuka, ta jiƙa, ta tsirar, ta niƙa. Ta tayar da babbar tukunya guda ta hura wuta. Da ta tace ruwa ya huce, ta ɗauki ludayi ta tsaya tana dubansa, sannan ta buga.

Jama'a, sai ga gari! Waɗanda suka rage da waɗanda suka dawo. Mata da ƙore, yaran da ba su taɓa jin wannan ƙara ba suna tambayar iyayensu mene ne, dattawan masallaci suna tahowa da gyaran muryarsu, har da liman. Aka zazzauna a kan tudun katanga. Zara'u ta fito da ɗinkakkiyar ƙwarya ta cika ta miƙa wa Mutari. Ya sha a hankali har ya shanye. Ya riƙe ƙwaryar yana kallon cikinta.

Ta ce, "To, hwaɗi mana. Kai nake jira."

Ya lashe baki, ya girgiza kai. Da kyar ya ce, "Ya yi dai, Yaya. Amma bai kai na Inna ba."

Ta fizge ƙwaryar. "Ba ni abina, marar godiya!"

Tsofaffi suka fashe da dariya, wasu na share ido da bakin riga. Aka yi ta hira har inuwa ta karkata. Mutari ya tashi ya tafi, jim kaɗan muryarsa ta taso daga masallaci, ta dawo da ƙarfinta. Dattawa suka kakkaɓe riguna suka bi shi.

Zara'u ta miƙe kamar yadda ta saba, ta zagaya bayan randa, ta tsugunna ta tone rairayi. Sai da ta ɗago gorar ta ji ba nauyi sannan ta tuna. Ta tsaya riƙe da ita, ga rabin tukunya na ruwan zaƙi yana jira. Ta mayar da gorar ta rufe da rairayi, ta goge hannu a zane, ta juya wajen yaran da ke wasa a kan tudu.

"Kai, ku zo nan da ƙorenku," ta ce. "Ku shanye shi duka. Wannan ba ya kwana."